Tambayi Kawu: masu son zuwa ƙauyukan bakin teku

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wanga mako kusan duk hanya guda sunka bi, tun da anka fara maganar titin Sakkwato zuwa Badagry kowa ya tashi yana son ganin teku. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, sauran ku yi haƙuri sai wani makon.

TAMBAYA: Kawu ina wuni, ya gida ya iyali. Ni dai tun da anka haihe ni ban taɓa ganin teku ba sai cikin waya, to maigida ya yi man alkawali in ya ɗauki hutun ƙarshen shekara za mu tai Ikko. Shi yana son mu sauka otal cikin gari mu riƙa zuwa wuraren nan da aka biyan kuɗin shiga, ni kuma ban son hayaniya, ƙauye nike so in ga masunta da gonaki. Ina za mu nuhwa? Ɗiyarka daga Mabera.

AMSA: Ɗiyata Allah shi ba da zaman lafiya, kuma a wagga magana ke ad da gaskiya, ki gaya wa maigidan Kawu ya ce haka. Wuraren nan na cikin Ikko da ake yankar tikiti a ƙofa, abin da za ku taras shi ne lasifika da hayaƙin shisha da 'yan doki masu jan rigar mutum sai ya hau an ɗauke shi hoto, ku biya na shiga ku biya na kujera ku biya na rumfa, tekun kanshi sai kun yi ta leƙe tsakanin kawunan mutane. In teku kuke son gani da mutanen da ke ci daga cikinshi, ku wuce Badagry.

Hanya dai kun san ta, Jega, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, ku ƙetare kogin Kwara a Jebba, Ilori, Ibadan sannan Ikko, kilomita dubu da ɗoriya kuma ba tahiyar da za a wahal da amarya a kanta ba ce, in aljihu ya yarda ku hau jirgi daga filin Sultan Abubakar III ko da sai an bi ta Abuja. Sabon titin da kowa ke zance, wanda anka ƙaddamar da aikinshi a Oktoban 2024, daga Illela zai tashi kuma kilomita 1,068 ne a takarda, amma kar ki sa shi cikin lissafin wanga hutu. In kun isa Ikko ku nemi Mile 2, nan ake samun motocin Badagry, wajen kilomita 60 ne. Za ku wuce Alaba Rago inda 'yan uwanmu sunka daɗe suna saida dabbobi, in kuna da sananne can ku tsaya ku sha ruwa shi haɗa ku da wani nashi a gaba, wallahi wannan ya fi taswirar waya amfani nesa ba kusa ba. Shingayen jami'ai suna da yawa a hanyar saboda kusa take da boda, katin shaida ya zauna aljihu ba ƙasan akwati ba.

Ƙarshen shekara lokaci ne mai kyau. Can ruwa mai ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli ne, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba, daga Nuwamba zuwa Maris sai rani. Amma kar ki ce ai ke 'yar Sakkwato ce kin saba da zahi. Namu busasshe ne, nasu na gumi ne, awo ba ya wuce 32 ko 33 sosai amma kina zaune cikin inuwa jiki na naso, wanki ya wuni bisa igiya bai bushe ba. Ki ɗauki atamfa da hijabi marar nauyi, shadda da leshi su jira ki gida.

Abin da mutane ba su sani ba sai sun je, garin Badagry kanshi ba bakin teku yake ba. Gaban garin wani ruwa ne kwantacce, bayanshi akwai siririn tudun yashi cike da itatuwan kwakwa, bayan tudun nan ne tekun yake. Za ku shiga kwalekwale mai inji, 'yan mintoci ne ku sauka Gberefu, daga nan a taka da ƙafa wajen rabin awa cikin yashi, don haka takalmi mai tsini ba nashi ba ne. Tun ba ki gan shi ba za ki fara jin shi, wani rugugi da ba ya tsayawa, iska ta sauya ki ji gishiri-gishiri bisa leɓe. Wagga hanya da kuke takawa ita ce anka riƙa koro bayi a ɗaure zuwa jiragen Turawa, akwai wata rijiya a tsakiya da masu zagayawa da baƙi ke cewa ana tilasta masu shan ruwanta don su mance gida. Cikin gari kuma akwai gidan Seriki Abass inda ake tsare bayin, ɗakuna ƙanana masu 'yar taga guda can sama, da gidan tarihin zuri'ar Mobee inda za a miƙo maki sarƙar wuya ki ɗaga ki ji nauyinta da hannunki. Za su nuna maku bene da 'yan mishan sunka gama ginawa a 1845 su ce shi ne bene na farko a Najeriya. Ku kalla ku yaba, amma ni duk sadda na ji haka sai in tuna da hasumiyar Gobarau ta Katsina da sorayen Kano in yi shiru.

Ke 'yar Sakkwato ma kina da gado a garin. Baturen nan Clapperton da ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824 ta hanyar sahara, da ya tashi dawowa karo na biyu ta teku ya biyo, daga Badagry ya kamo hanya a Disambar 1825, ya ratsa ƙasar Oyo da Bargu da Kano har ya iso nan, kuma nan ajali ya riske shi a Afrilun 1827. Yaronshi Richard Lander ya koma Badagry da takardunshi, can anka zarge shi da leƙen asiri anka ba shi guba ya sha don a gwada gaskiyarshi, Allah ya sa da sauran kwana gaba. Wato titin da ake son zuba wa kankare yanzu, wani ya taka shi da ƙafa da doki kusan shekara 200 da sunka wuce.

To amma duk wanga tarihi wuni guda ya isa. Abin da nake son ku ba lokaci shi ne safiya a ƙauyen masunta. Ku yi sallar asuba ku fita. Za ku taras an kai taru can cikin ruwa da jirgin katako an zagayo, igiya biyu na bakin gaɓa, maza layi-layi suna ja suna waƙa, na gaba in ya kai ƙarshe sai ya sake ya koma baya ya kama, awa da awanni ana abu guda, yara ƙanana na naɗe igiyar da anka jawo. Mata na zaune gefe da manyan robobi ba mai cewa komai, sai jakar tarun ta fito ta zube bisa yashi sannan wuri ya kaure da ciniki. Wani lokaci kifi ya yi tuli, wani lokaci rabin abin da ya fito leda ce da robar ruwa, ka ga fuskokin mutum talatin sun sauya lokaci guda. Da yawansu Egun ne 'yan ƙasa, akwai kuma masunta 'yan asalin Gana da sunka daɗe da zama gaɓar. In maigida ya naɗe wando ya kama igiya ya taya su ja ba mai hana shi, sau da yawa ma sai an damƙa mashi 'yan kifaye. Bayan bukkokin kuma nan ake banda, murhun laka ko rabin duro da ragar ƙarfe bisa, ana hura wuta da ɓawon kwakwa, hayaƙin zai bi hijabinki har Mabera.

Ku ɗauki wuni guda kuma ku juya wa tekun baya. Ku hau kabu-kabu ku shiga gonakin kwakwa da rogo, ku ga yadda mata ke tatsar man kwakwa da suyar gari, ku leƙa kasuwar Agbalata. Mu da munka saba da gero da dawa da fili fetal har iya ganin ido, ganin ƙasar da ba ta taɓa bushewa shi kanshi abin kallo ne.

Abu guda nake roƙonku. Bakin tekun nan wurin sana'ar mutane ne, kuma bayan gidajensu ne. Ku yi sallama, in ƙauyen ƙarami ne ku tambayi mai unguwa ku gaishe shi, kar ku taka taru da anka shanya, kar ki ɗaga waya kan fuskar matar da ke ciniki ba ki tambaye ta ba. In kunka ga Zangbeto, dodon Egun da ake lulluɓewa da zaren kaba tun daga sama har ƙasa, ku ja gefe ku ba shi hanya. In kuma anka ce maku daren yau na Oro ne, bikin tsafin Yarbawa da mata ba su fita, to ba su fita, ba ruwan al'adar da cewa ke baƙuwa ce. Waɗanda sunka san rikicin da ya ɓarke kan Oro a Shagamu a 1999 sun san ba maganar wasa nake ba.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni ɗalibi ne, mu shidda munka haɗa kuɗi za mu tai bakin teku bayan jarabawa. Ni na iya iyo ƙwarai, Kwalkwalawa nit tashi, ko Rima ta cika ina ƙetare ta. Abokaina na cewa teku daban ne, ni ko na ce ruwa ruwa ne. Ka raba muna gardama. Ɗanka daga Dundaye.

AMSA: Ɗana abokanka sun fi ka gaskiya, kuma irinka ne nake jin tsoro ba wanda bai iya ba, don wanda bai iya ba iyakarshi idon sawu. Rima gefe guda take gudu, ka san inda za ta kai ka, ka karkata ka fita. Tekun Atlantika a gaɓarmu turowa yake ya janye, kuma gaɓar tana da gangare, taku uku kana gwiwa na huɗu ba ka taɓa ƙasa. Kana tsaye ma in igiyar ruwa ta koma sai ka ji yashi na zarewa ƙarƙashin ƙafarka.

Babban mai kisa shi ne wani zirin ruwa mai komawa ciki. Ruwan da igiyoyi ke tarawa bakin gaɓa dole shi nemi hanyar komawa, sai ya samu gurbi tsakanin tudun yashin da ke ƙasa ya bi ta nan da gudu, yakan kai mita 2 cikin sakan guda, ko gwanin gasar iyo ba ya cin ƙarfinshi. Mugun abin, wurin shi ne ya fi kama da lafiya, ba kumfa ba tashin igiya, ruwan ya ɗan yi duhu ya kwanta, baƙo na gani sai ya ce yawwa ga inda zan shiga. In Allah ya ƙaddara ya ɗauke ka, kar ka yi kokawar dawowa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ka yi iyo gefe, tsawon gaɓa, zirin ba shi da faɗi sosai, in ka fita daga cikinshi sannan ka nufo tudu, in ka gaji ka kwanta rigingine bisa ruwa ka ɗaga hannu. Kuma ƙauyukan nan ba masu ceto da ke zaune suna gadi, masunta ne kawai in suna kusa.

Ka sani kuma ruwan na cika yana janyewa sau biyu a kwana, kullum yana jinkirta kusan minti 50, kuma ya fi ƙarfi in wata ya tsaya da daren 14 da 15. Inda kunka shimfiɗa tabarma da hantsi kunka aje wayoyi, da la'asar yana iya zama cikin ruwa. Ku tambayi masuntan wurin kafin kowa ya jiƙa ƙafa, in sun ce yau ba a shiga to ba a shiga. Kar wanda ya shiga da jallabiya. Wurin ƙetarawa da kwalekwale kuma kowa shi sa rigar hana nutsewa, kar ku yarda a yi lodin da ya wuce ƙima, kar ku yi tahiyar dare, hukuma ma ta hana. Mu da munka yi jana'izar mutanen Goronyo da Shagari ba sai an yi muna dogon wa'azi a kan wanga ba.

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu. Za ni rakiyar ɗalibai yawon buɗe ido kudu. Ya halatta a yi alwala da ruwan teku tunda yana da gishiri? Kuma abubuwan nan da suke ci, ƙaguwa da jatan lande, mi a hukuncinsu? Malamin Islamiyya daga Gidan Igwai.

AMSA: Allah gafarta Malam, ai kai ya kamata in tambaya, amma tunda ka jarraba ni bari in biya. Hadisin na cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik daga Abu Huraira, wani ya ce ya Manzon Allah muna hawa teku da ɗan ruwa kaɗan, in munka yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama mu, ko mu yi da ruwan teku? Annabi (SAW) ya ce ruwanshi mai tsarkakewa ne, mushenshi halal ne. A mazhabarmu ta Malikiyya ƙaguwa da jatan lande duk sun shiga, sai dai in rai bai so, ni kaina ƙaguwa har yau kallonta nake. Wurin kurkure baki dai a gaya wa yara kar su haɗiye.

Alƙibla ba ta da wuya, a gaɓar Ikko da Badagry teku kudu yake, ka sa shi hannun dama ka fuskanci gabas sannan ka ɗan karkata hagu wajen tudu. Kasaru ta hau kanku tun tuni tunda iyakarta mil 48 ne, sai in kun yi niyyar zaman kwana 4 wuri guda ku cika. Masallatai akwai su a Badagry, Musulmi na da yawa. Inda za ka sa ido shi ne ƙananan ƙauyuka, akwai masu kiwon alade kuma ana saida bammi da ogogoro a rumfar da ake saida abinci, to ku sayi ɗanyen kifi a gasa gabanku ku ci da gari ko burodi, ruwan sha kuma na leda ko na gora, don rijiyoyin gaɓa da yawa ruwansu da zartsi.

TAMBAYA: Kawu ni ɗan kasuwa ne, ina zuwa Kwatano sayen kaya amma iyakata Zongo da Dantokpa, in na gama in juyo. Wanga karo ina son in ƙara kwana biyu in ga ƙauyukansu. Ina ya dace? Ƙanenka daga Tsohuwar Kasuwa.

AMSA: Alhaji kai da ka san hanya ba sai na ce ka riƙe fasfo ko takardar ECOWAS da katin rigakafin shawara da 'yan sefa a hannu ba. Ga masu karatu dai, hanyar Gaya da Malanbil da munka saba ta rikice tun juyin mulkin Nijar na 2023, arewacin Benin kuma tsaro ya taɓu, wanda bai saba ba ya bi ta bodar Seme da ke gaban Badagry.

Kowa zai ce maka Ganbiye, ƙauyen da ke tsakiyar tafkin Nokuwe, gidaje bisa turaku, kasuwa cikin kwalekwale, yaro ɗan shekara shida na tuƙa kanshi makaranta. Kakanninsu Tofinu sun shiga ruwan ne don gudun maharan bayi na Dahomey. Ana hawa jirgin daga Abomey-Calavi, kuma ya cancanci gani sau guda, sai dai mutanen sun gaji da kyamara, za ka ga mata na rufe fuska da faifai in jirgin baƙi ya matso, ni abin bai yi man daɗi ba. Na fi son ka bi hanyar masunta da ta bi gaɓa daga Kwatano zuwa Wida, wajen kilomita 40, teku hannun hagu, kwakwa da bukkokin kaba hannun dama. Kusa da Wida akwai ƙauyen Jegbaji inda mata ke yin gishiri, su kankaro ƙasa mai gishiri su zuba cikin manyan kwanduna su tace da ruwa su dafa har ya ƙafe, kusan yadda ake yin gishirin Hoga da kakanninmu ke saye daga wajen Gaya. Cikin Wida akwai ƙofar tunawa da bayi da anka gina bakin teku a 1995, da ɗakin tsafin mesa da ke kallon babbar cocin Katolika. Wajen 10 ga Janairu ake bikin bodun, addinin gargajiyarsu, garin na cika maƙil kuma masauki na tsada, in ba kallon kake so ba ka kauce wa kwanakin. In wata rana ƙafa ta kai ka Gana, Elmina da ganuwarta ta Turawan Fotugal tun 1482, kar ka sa ranar Talata in masunta kake son gani, ba su fita ranar.

TAMBAYA: Kawu in mutum ya je wace tsaraba ta fi, kuma kifi na iya kawowa Sakkwato bai lalace ba? Innarka daga Runjin Sambo.

AMSA: Inna ɗanye dai a'a, sai mai motar sanyi. Banda da ta bushe ƙarau tana zuwa, ki karya guda ki gani, in cikin da laushi to na ci yau ne ba na tahiya ba. A naɗe cikin takarda a sa kwali, kar a ɗaure cikin leda ta yi gumi ta yi hunhuna kafin Kwantagora, in an iso a shanya ta rana wuni guda. Man kwakwa, busasshen jatan lande na miya da gari su ba su da matsala. Kwakwa ɗanya mai ruwa a sha ta can, wadda ta ƙosa ita ake ɗaukowa. Shinkafar waje kuma komai arharta kusa da boda a bar ta, kwastan na hanya.